Layi Biyar da Aka Shafe a Katin Auta

Gida, 6 ga Fabrairu

Auta,

Ina sanar da kai, da duk wani jami'in da zai buɗe takardar nan kafin ta iso gare ka, cewa ranar Litinin da misalin ƙarfe goma na safe tsohuwar kujerata ta maɗaba'a ta riga mu gidan gaskiya. Ta cika tana ɗauke da ni. Shekara ashirin da biyu ina zaune a kanta ina farautar kurakuran mutane kafin a buga su, ba ta taɓa kai ƙarata ba. Masu injin sun zo ta'aziyya, amma na lura da ƙyar suke danne dariya.

Ban da wannan babban rashi, muna lafiya, muna kuma fatan kana cikin irin lafiyar da fursunan yaƙi zai iya samu. Matarka tana gaishe ka. Inna tana gaishe ka, ta kuma ce in sake gaishe ka. Jikinta da sauƙi, sai dai idon. Na hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama yana gane mutum idan ya matso. Likita ya ce aiki ba zai yiwu ba a shekarunta, kuma bai yi mana alkawarin hasken da ya rage zai wuce shekara guda ba. Ita dai maganarta ɗaya ce kullum, ta ga fuskarka kafin duhun ya gama shigowa.

Katinka ya iso bayan wata tara ba mu san kana raye ko kana mace ba. Ni na karanta musu, a tsaye, sau huɗu. Layi goma sha biyu ne. Bakwai na karanta. Sauran biyar ɗin an ce kada a yi magana a kansu, don haka na ja bakina na yi shiru, kai ma kada ka sake tayar da zancen.

Yanzu ga abin da ya girgiza ni. Auta, wa ya rubuta katin nan? Da ba don ka kira ni Jan Biro ba, sunan da babu mai ƙarfin halin kirana da shi sai kai, da na rantse wani ɗan aji ɗaya ne. Haruffa sun kwanta kamar hatsin da iska ta bi ta kansa, layi ya taso daga sama ya gangara ƙasa, ga dabbare-dabbare ko'ina. Kai ne fa mai rubuta allunan shagunan titinmu. Har yau baƙi suna tsayawa gaban kantin magani su kalli allon da ka yi, ba don wani abu yana musu ciwo ba. Na sha karanta cewa yaƙi yana lalata mutum, ban san daga rubutu yake farawa ba.

Abu na biyu, littafin lissafin da ka ce a aiko maka. Sai da na cire tabarau na goge na sake dubawa. Kai, da ka haura katangar makaranta ranar jarrabawar rabawa ba ka sake komawa ba? Ashe abin da bulalar malamai shida ta kasa, waya mai ƙaya ta iya. Na aiko maka da nawa na kaina, mai bango mai tauri, ta hannun ƙungiyar agaji. Na haɗa da takarda goma masu layi irin na yara, na rubuta misali a saman kowace. Ka kwaikwaya.

Yayanka.

Sansani, 24 ga Maris

Yaya Jan Biro,

Ina gaishe ka da gida duka. Ka ce wa Inna ina cin abinci. Ni lafiya lau, sanyi ya fara sauƙi. Allah Ya ba ka haƙurin kujera.

Na gane zancen layi biyar. Na ɗauka za ka ce wani abu, ko kalma ɗaya, amma tunda haka aka yanke a gida, shi ke nan. Ba zan ƙara ba.

Littafi ya iso, na gode. Bari in ba ka labarin makarantarmu, tunda abin ya zo maka kamar almara. Mu ɗari uku da wani abu ne a nan, kuma daga ƙirgen safe zuwa na yamma babu abin yi sai kallon waya. Akwai wani da yake wuni yana zagaya fili yana ƙirga turakun wayar, yau wata huɗu bai yi wa kowa magana ba. Wani dattijo da muke kira Safiyo, don auna filaye yake yi kafin yaƙi, shi ya tara mu ya ce duk wanda ya san wani abu ya fito da shi, in ba haka ba dukanmu ƙirga turaku za mu koma.

Tsohon ɗakin wanki ne ajinmu. Ƙofa muka cire muka shafa mata baƙin tukunya ta zama allo, allin kuwa farin bango ne muke ɓamɓarowa. Buhun siminti ne takarda. Fensir ɗaya muna yanka shi uku. Safiyo yana koyar da lissafi da safe. Wani disfensa, mai ba da magani a asibiti, yana koyar da sassan jiki, ya samu wanda ya fi kowa rama ya mai da shi abin nuni, tunda ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bencin baya. Wani direba yana koyar da gyaran inji, injin a zane yake a ƙasa. Har da mai koyar da iyo a kan benci. Ɗalibansa goma sha huɗu, har yau babu wanda ya nutse.

Littafinka mun farke ɗinkin mun raba shi babi-babi, don mutum shida su karanta a lokaci ɗaya. Ka yi haƙuri. Na kai babi na huɗu. Rabawar nan ashe ba ta cizo.

Ni ma an ba ni aji, mutum goma sha ɗaya da ba su taɓa riƙe fensir ba. Na ce ban dace ba. Safiyo ya ce a duk sansanin babu wanda ya fi ni sanin wahalar mai koyon rubutu a yanzu. Takardunka masu layi dukanmu muka yi amfani da su, muna gogewa da ɓawon burodi mu sake.

Kwana huɗu na yi ina rubuta wannan. Ka duba, ai ta fi katin.

Ƙaninka, Auta.

Gida, 9 ga Mayu

Auta,

Gaisuwa daga kowa. Duk muna lafiya, ban da ni da har yanzu ban farfaɗo ba. An farke littafina. Shekara talatin ina riƙe da shi ko kunnen shafi ban taɓa lanƙwasawa ba, ka miƙa wa ƙarti shida suka yi masa fiɗa. Da na gaya wa mai ɗinkin littattafai na wurin aikinmu, sai da ya ajiye allurarsa ya nemi wuri ya zauna.

Amma na karanta labarin makarantarku sau uku, kuma zan faɗi gaskiya, na san makarantu masu bene da shugaba mai mota waɗanda ba su kama ƙafarta ba. Ka gaishe mini da Safiyo. Mai koyar da iyo kuwa ka tambaye shi ko da sauran wuri, don ni ma irin wannan ruwan kaɗai zan iya shiga.

Sai zancen rubutu. Ta fi katin, kamar yadda ɗingishi ya fi rarrafe. Huɗu cikin goma. Kwana huɗu a kan takarda ɗaya, kai da kake gama allon shago tsakanin hantsi da azahar kana yi kana hira? Kuma wai an ba ka aji. Tausayin bayin Allah goma sha ɗayan nan ya kama ni. Wasiƙunka da baki nake karanta wa Inna da matarka, in mayar da su aljihun teburina in kulle. Ba zan bari wani a titin nan ya gan su ba. Suna nake kare maka.

Shagonka yana nan. Duk ranar Asabar matarka tana buɗewa ta share, ta wanke buroshinka da kananzir ta jera su a gwangwani, manya a baya ƙanana a gaba, yadda ka bar su. Mai gidan burodi ya sake fentin bangonsa amma ya bar wurin allo fari fat, ya ce babu hannun da zai taɓa masa sai naka. Masu saye sun fara tambayarsa ko shagon ba shi da suna, ya ce sunan yana sansani. Don haka ka yi lissafinka, ban hana ka ba, amma ka tuna duk jikinka hannun daman nan ne kaɗai mai hankali. Shi ne abincinka, kuma shi titin nan yake jira. Kada ka dawo mana da ƙwaƙwalwa ka baro shi a can.

Jiya Inna ta ɗauki matarka maƙwabciya ce, har ta fara yi mata sannu da zuwa. Sai da ta yi magana ta gane ta. Sun yi dariya, ni ban yi ba.

Yayanka.

Gida, 20 ga Agusta

Auta,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Wata uku babu ko kati daga gare ka.

Shekaranjiya akawun ƙungiyar agaji ya aiko a kira ni. Na tafi, na ɗauka labarin mutuwa ne. Ya zaunar da ni ya ce an yi musayar fursunoni watan jiya, sunanka ya fito a jeri, an kira ka, ka ce a ba wani. Na ce masa kuskure ne, aikina ke nan, na san yadda ido yake zamewa daga wannan layi zuwa wancan. Bai yi gardama ba, ya juyo mini da takardar. Ga sa hannunka, wannan rubutun da ko cikin dubu zan gane shi.

Ban san yadda na iso unguwa ba. Na wuce ƙofarmu sai da mai shayi ya kira ni. Ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa matarka ba. In ce me? Ɗanki an buɗe masa ƙofa ya ce sai ya gama babi na tara?

Na karanta labaran mutanen da suka saba da kurkuku har waje ya koma ba su tsoro, amma waɗannan shekara ashirin suka yi, kai ko biyu ba ka cika ba. In Safiyo ne ya cusa maka wannan, ka ce masa na janye gaisuwata.

Akawun ya ce akwai jeri na biyu, za a rufe shi ƙarshen Janairu, bayansa babu wanda ya san ranar wani. Inna yanzu ba ta bambance fuska sai an kawo ta dab da tata. Ka yi wannan lissafin, tunda ka ƙware.

Yayanka.

Sansani, 3 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaida kowa. Ina lafiya. Wasiƙunka biyu sun same ni. Ta watan Mayu sau ɗaya na karanta na ajiye, na kasa amsa ta, shi ya sa ka ji shiru.

Gaskiya ne, na ce a ba wani. Kada ka ɗora wa Safiyo, shi ma kwana uku ya yi ba ya amsa gaisuwata.

Ƙungiyar agaji ta yarda za ta kawo mana takardun jarrabawa a watan Maris, ta gaske, mai satifiket. Wanda ya ci zai iya koyarwa a firamare. Mu tara ne za mu zauna. Na gama littafinka na koma farko. Yanzu kusurwoyi muke yi. Safiyo ya sa mun gano tsawon hasumiyar masu gadi daga inuwarta, muka gaya wa mai gadin, ya ce ƙarya ne. Washegari ya zo da igiya ya auna, ya ajiye mana fensir biyu a bakin taga. Cikin ɗalibaina mutum bakwai sun rubuta wa gida da kansu. Mai ƙirga turaku ma yanzu yakan zo ya tsaya bakin aji.

Ka ce in dawo. In dawo in yi me, Yaya? In tsaya gaban mai gidan burodi? In zauna ina kallon buroshin da aka jera? Kai ka ce an ce kada a yi magana, na yi shiru. Amma shekara ta kusa babu wanda ya ce mini sannu, sai huɗu cikin goma. Na gane gidan ba zai iya ɗaukar abin ba. To bari in dawo da takarda a aljihu, yadda ba zan zauna a tsakar gida ana ciyar da ni ana kawar da kai ba.

Zancen Inna da shi nake kwana, da shi nake tashi. Ban sani ba ko ganina a haka alheri ne gare ta.

Auta.

Gida, 16 ga Nuwamba

Auta,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Muna raye. Wannan wasiƙar ba ta gidan waya za ta bi ba, likitan ƙungiyar agaji ne zai kawo maka da kansa, don haka zan faɗi komai a fili.

Taka na karanta ta a wurin aiki ban gane komai ba, sai haushi. Na zo gida na tarar da matarka tana guga, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ajiye mata takardar a kan teburin gugar, na ce ga irin abin da mijinta yake aiko mana, ko rubutun kirki ya daina. Ka san ba ta karatu. Ta ajiye dutsen guga, ta ɗauki takardar ta kai wurin haske ta karkata ta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Yaya, wannan ai da hagu aka rubuta."

Na tambaye ta yadda ta sani. Ta nuna mini dabbaren fensir, ta ce gefen hannu ne yake bin rubutun yana shafe shi, ita ma haka allonta yake yi a 'yan watannin da ta yi a makaranta, kafin malami ya gaji da dukan hannunta ita ma ta gaji da zuwa. Ashe bahaguwa ce. Shekara takwas tana miƙo mini shayi ban lura ba. Ta ce in kawo sauran. Na buɗe aljihun tebur, ta jera su ɗaya bayan ɗaya har ta kai kan katin farko. Ta ɗora yatsa a tsakiyarsa ta ce, "Nan me ya ce?"

Auta, layi biyar ɗin nan mai tace wasiƙu ya shafe su da baƙar tawada, ko ɗigo ba a gani. Ba mu taɓa karanta su ba. Takardar ƙa'idojin da aka raba wa iyalai ta ce duk wanda ya ambaci aikin mai tacewa za a riƙe wasiƙarsa, shi ne "an ce" ɗin da na rubuta maka. Kuma a sana'armu layin da aka soke ya mutu, ba a tambayar abin da ke ƙarƙashinsa. Su Inna kuwa na ce musu ƙorafin abinci ne ka yi a wurin.

Washegari muka je wurin akawun tare. Na tambaye shi su wa ake sa wa a jerin musaya. Ya dube ni kamar wanda ya zo da wasa, ya ce waɗanda suka rasa ido ko wata gaɓa. Ya buɗe rajista ya karanta mana: hannun dama, daga gwiwar hannu. Ya ce ya ɗauka mun sani tun bara. Matarka ba ta yi kuka a ofishin ba. Ni aka kawo wa ruwa.

Na dawo na tuna abin da na rubuta maka a watan Mayu, kalma bayan kalma, don irin ƙwaƙwalwata ba ta manta rubutu. Wannan duk aikin mai tace wasiƙu ne, da gidan wayar da yake wata ɗaya da rabi kafin ya kai takarda, da wanda ya rubuta ƙa'idojin nan marasa kan gado, da tabarauna da ya kamata a canza tun tuni.

Sannu, Auta. Sannu. Ɗan zanen da ke ƙasan shafin nan na matarka ne, ta karɓi birona ta yi shi da hagu, ta ce za ka gane.

Mun gaya wa Inna komai, har da zancen jerin farko. Ta ajiye kofin shayinta. Sannan ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa, kada in gyara ko kalma: "In don karatun ne, ya zauna ya gama, na yafe ganin. In don kunyarmu ne, ya taso. Fuskarsa na ce ina so in gani, ban ce hannu ba."

Yayanka.

Sansani, 2 ga Janairu

Yaya Jan Biro,

Ina lafiya, ina gaida kowa. Likita ya kawo. A aji na buɗe ta, ɗalibai suka dubi fuskata suka fita suka ba ni wuri. Ka ce wa mai zane na gane.

Ka ce wa Inna rabi karatu ne, rabi kunya. Da na ɗebe kunyar, abin da ya saura bai kai ya riƙe ni ba. Na sa suna a jeri na biyu jiya. An ce ƙarshen Fabrairu za mu taso. Jarrabawar bana ta wuce ni, mutum takwas za su zauna, kuma ba zan ce ban ji zafi ba. Safiyo ya ce in nemi ta gida baɗi, ya rubuta mini shaida a bayan buhun siminti. Ajina na bar wa wanda ya fi kowa hannu a cikinsu. Littafinka ba zai dawo ba.

Abu ɗaya. Na duba wasiƙarka da kyau. Na ga laifin mai tacewa, na ga na gidan waya, na ga na mai ƙa'idoji, har na tabarau. Kamar an tsallake suna ɗaya.

Ƙaninka.

Gida, 12 ga Fabrairu

Auta,

Lafiya lau. Wannan zan bar ta wurin akawu ya ba ka ranar da kuka sauka, don na san kaina, ina ganinka zan fara wasa. Inna har yanzu tana gane fuska da safe, don haka ka shigo da safe.

Sunan da aka tsallake nawa ne. Na ga hannu ya canza, ban tambaya ba. Ban kyauta ba.

Yayanka.